Na faɗi daidai a aji, Malam ya yi fushi: shin in ba shi haƙuri?

Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma burina in zama injiniyar lantarki. Kwanakin baya malaminmu na fiziks yana koyar da darasin taguwa, wato motsin da ke yaɗuwa daga wuri zuwa wuri kamar igiyar ruwa, sai ya ce babu taguwar da ke tafiya sai da abin da zai ɗauke ta, kuma iska ce ke kawo mana sauti da haske da shirye-shiryen rediyo. Na ɗaga hannu na ce, to ta yaya hasken rana ke iso mu, alhali an koya mana cewa babu iska a sararin samaniya, kuma littafin yayana ya ce taguwar lantarki da maganaɗisu ba ta buƙatar abin da zai ɗauke ta? 'Yan aji suka fashe da dariya, wasu har da tafi. Malam ya miƙo mini alli ya ce in zo in koyar tunda na fi shi sani, sannan ya sa na durƙusa har aka tashi. Tun daga ranar ko na ɗaga hannu ba ya duban inda nake, kuma makina ya ragu a gwajin da ya biyo baya. Baba ya ce in je in ba shi haƙuri in kama bakina, Umma kuma ta ce in koma ɓangaren adabi in huta. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban gane yadda abu zai yi tafiya a inda babu komai ba, a littafi kawai na gani. Shin ni ce da gaskiya? Idan ni ce, me ya sa zan ba da haƙuri? Kuma me zan rubuta a jarrabawa?

Ɗaliba daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata. Ke ce da gaskiya a kan batun hasken, kuma ina so ki ji wannan tun daga farko domin hankalinki ya kwanta kafin mu shiga sauran maganar. Tambayar da kika yi tambaya ce ta ɗalibar da ke sauraro da kyau, wadda ta haɗa abin da ta ji a wani darasi da abin da ake faɗa a wani ta ga ba su dace ba. Bai kamata a durƙusar da ke a kanta ba, kuma ciwon da kika ji na ganin malami ya juya miki baya yana da dalili. Sai dai na fi jin daɗin jimlar da kika ce ke kanki ba ki gane ba, domin wanda zai je gaban malaminsa da magana ya fi samun natsuwa idan ya fahimci abin da yake faɗa, ba haddarsa kawai ya yi ba. Saboda haka bari mu zauna a kan wannan tukuna.

Rabin maganar Malam daidai ne. Sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, domin shi sauti motsi ne na ƙwayoyin iska, kowace tana ture ta kusa da ita har turin ya iso kunne, kuma a cikin iska yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa guda. Haka taguwar ruwa take, haka ta igiyar da aka kaɗa. Tun a shekarar 1660 Robert Boyle ya nuna wannan a Ingila, inda ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya riƙa zuƙe iskar da famfo, ƙarar agogon tana raguwa har ta ɓace. Amma ki lura da abin da ya rage: yana ci gaba da ganin agogon ta cikin gilashin. Iskar ta fita, sautin ya mutu, hasken bai fasa fitowa ba. A wannan gwaji guda an raba sauti da haske, kuma a nan ne maganar Malam ta kauce, domin ya ɗauki hukuncin kashi ɗaya ya ɗora wa kashi biyu.

Dubi lissafin rana kuma. Tsakaninmu da ita akwai kimanin kilomita miliyan 150, iskar da ta lulluɓe duniya kuwa kusan dukkanta tana ƙasa da tsayin kilomita 100. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka yana yin wajen minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya, kuma a cikin wannan tafiya duka, ratsa iskarmu ba ya ɗaukarsa ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Da iska ce ke ɗauke da shi, da bai baro rana ba balle ya zo ya sami iskar.

To mene ne yake tafiya? Kin san cewa maganaɗisu yana jan ƙusa tun kafin ya taɓa ta, kuma idan kika goga biro a gashi zai ɗago gutsuren takarda daga ɗan nesa. Wannan tasirin da ke kewaye da maganaɗisu, da wanda ke kewaye da cajin lantarki, shi masana ke kira fili: filin maganaɗisu da filin lantarki. Fili ba iska ba ne, ba kuma ƙwayoyin wani abu ba ne. Hali ne da kowane wuri a sarari yake da shi, mai ƙarfi da kuma fuskar da ya nufa, wanda ake iya aunawa, kuma yana nan ko an zuƙe iskar wurin kaf. A 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Danmak ya ga cewa wutar lantarki da ke bin waya tana karkatar da allurar kamfas, wato lantarki na haifar da maganaɗisu. A 1831 Michael Faraday ya nuna akasin haka, cewa maganaɗisun da ke motsi kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki, kuma a kan wannan ne janareta ke aiki har yau. Sai James Clerk Maxwell, ɗan Sikotland, ya tattara waɗannan a lissafi guda a 1865, ya nuna cewa filin lantarki idan yana sauyawa akwai filin maganaɗisu mai sauyawa tare da shi, shi ma wannan sauyin nasa yana tare da sabon sauyi a filin lantarki a ɗan gaba, haka nan ba tsayawa. Kowannensu yana riƙe da ɗan'uwansa, shi ya sa ba su buƙatar na uku ya ɗauke su. Da Maxwell ya lissafa gudun wannan taguwa daga awon lantarki da maganaɗisu kawai, sai ya samu kusan kilomita 310,000 a daƙiƙa, adadin da ya yi kusa ƙwarai da gudun haske kamar yadda aka auna shi a zamanin, daga nan ya yanke cewa haske kansa irin wannan taguwa ce. A 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya samar da ita da tartsatsin lantarki a ɗakin gwajinsa a Jamus, ya kama ta a ɗaya gefen ɗakin, kuma daga wannan aiki rediyo ya samo asali.

Idan tashar FM tana watsa shiri a kan mita 100 kamar yadda muke faɗa (ba tsawo ake nufi ba), abin da ke faruwa shi ne cajin lantarki a cikin eriyarta yana kai da komo sau miliyan 100 a daƙiƙa, filayen da ke kewaye da ita suna hawa da sauka da wannan saurin, sauyin kuma yana bazuwa waje, tsawon kowace taguwa mita 3. Babu wani abu mai nauyi da ya taso daga tashar ya zo gidanku. Ƙarfin filin ne ke sauyawa wuri bayan wuri, yana ɗauke da makamashi, har ya iso eriyar rediyonku ya motsa cajin da ke cikinta. Filin lantarki da na maganaɗisu suna gicciye da juna, dukansu kuma suna gicciye da hanyar da taguwar ta nufa, kuma wannan jimla ce da za ki buƙata a jarrabawa. Haske da zafin da ke fitowa daga garwashi da hoton ƙashi na asibiti duk dangi ɗaya ne da taguwar rediyo, tsawon taguwar ne ya bambanta.

Yanzu ina so ki yi wa Malam adalci, domin kuskuren da ya yi ba na wawaye ba ne. Manyan masana sun shafe fiye da shekaru 200 suna ganin dole akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya yana ɗauke da haske, suka sa masa suna eta, kuma Maxwell kansa yana cikin waɗanda suka yarda da shi. Sai a 1887 Albert Michelson da Edward Morley suka nemi alamarsa a Amurka da na'ura mai tsananin kaifi: tunda duniya na zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, ya kamata gudun haske ya ɗan bambanta gwargwadon fuskar da aka auna shi, amma ba su sami bambancin da ake tsammani ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa ba a buƙatar etan gaba ɗaya. Tunanin da ke cewa taguwa sai da maɗauki tunani ne da hankali ke saurin karɓa, kuma mai yiwuwa haka aka koya wa Malam, ko kuwa ya san daidai bakinsa ya zarce. Akwai ma inda iska ke da hannu a harkar rediyo, domin tashoshin gajeren zango da iyayenmu ke kamawa daga ƙasashe masu nisa suna isowa ne saboda wani sashe na iskar can sama mai ɗauke da caji yana maido da taguwar ƙasa. Maidowa yake yi, ba ɗaukowa ba, amma kin ga ta inda mutum zai iya ruɗewa.

Ki kuma tsaya a inda Malam ya tsaya ranar. Malami ne a gaban aji cike, abin da ya dogara da shi wajen riƙe ɗalibai shi ne su yarda ya san abin da yake faɗa, sai ga dariya da tafi. A ganina ba tambayarki ce ta ƙona masa rai ba, tafin ne, kuma ke ba ki yi tafin ba, amma a idonsa ke ce kika buɗe ƙofar. Wannan bai wanke shi ba. Malamin da ya isa yakan ce zai duba ya dawo da amsa, kuma an san Imam Malik, duk da girman iliminsa, da yawan cewa bai sani ba idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba. Sai dai fahimtar abin da ya ji zai taimake ki sanin irin maganar da za ta shige shi.

Baba kuma, ina ganin kin ji rabin maganarsa da zafi har ya hana ki jin ɗaya rabin. Abin da yake karewa shi ne tarbiyyarki da zamanki lafiya da mutumin da zai ci gaba da koyar da ke, kuma a kan zuwa wurin Malam ina tare da shi. Inda na rabu da shi shi ne kama baki. Ana iya ba da haƙuri a kan ɓacin ran da aka jawo ba tare da an janye gaskiyar da aka faɗa ba, kuma wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu: ba za ki ce masa kin yi kuskure a kan haske ba, domin da kin faɗi haka kin yi ƙarya, za ki ce masa ba ki yi nufin kunyata shi ba, wanda gaskiya ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji magabata, balle wanda kike zuwa wurinsa malaminki ne.

Ki fara da gida. Ki sami Baba lokacin da ya huta, ki ce masa kin ji maganarsa kuma za ki je, sannan ki roƙe shi ya ba ki minti kaɗan ki nuna masa abin da ake taƙaddama a kai, domin idan abin ya kai ga sai ya je makaranta ya zama ya san tushensa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ɗauko filas ɗin shayi irin mai kwalba a ciki: bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu don kada zafi ya bi ta cikinta ya fita, amma duk da haka sai da aka shafe bangon da abu mai ƙyalli kamar madubi. Dalili shi ne akwai zafin da ke tsallake wurin da babu iska, a matsayin taguwar lantarki da maganaɗisu, kuma madubin ne ke mayar da shi ciki. Idan kuna da dish, ki tuna masa cewa hoton yana saukowa ne daga tauraron ɗan'adam da ke tsayin kusan kilomita 36,000, kamar NigComSat-1R na Najeriya da aka harba a 2011, kuma sai ya iso cikin hadari da ruwan sama mai ƙarfi ne hoton ke yankewa. Sararin da babu komai bai hana shi ba, iskarmu mai ruwa ce ke rage masa ƙarfi. Idan Baba na ganin tambayar malami rashin ladabi ne, ki ambata masa Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma rubuta littafi guda a kan shakkun da yake da su game da maganganun Batlamiyus, malamin da duniyar ilimi ta lokacin ke girmamawa.

Daga nan ki je wurin Malam, ba a gaban aji ba, ba kuma ke kaɗai da shi ba. Ofishin malamai a lokacin da ba cunkoso ya fi, ki tafi da ƙawa guda mai hankali wadda ba ta cikin masu tafi. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce: “Malam, na zo ba da haƙuri a kan abin da ya faru ranar nan. Wallahi ban yi tambayar don a yi dariya ba, kuma dariyar ta ɓata mini rai.” Ki tsaya nan, ki bar shi ya yi magana, ko da zai yi faɗa. Idan kika ga ya sauko, ki ce har yanzu wurin yana ruɗa ki, ki roƙe shi ya duba shafin littafin idan ya sami lokaci ya yi miki bayani. Ki bar masa littafin ki tafi. Kada ki nemi ya ce ke ce da gaskiya, kuma kada ki jira ya faɗa a gaban aji. Malamai da yawa sukan gyara irin wannan a darasi na gaba kamar ba a taɓa yin wata magana ba, idan ya yi haka ki karɓa, buƙata ta biya, domin sauran 'yan ajin ma sun sami daidai. Kafin nan da bayan nan, duk wanda ya zo yana zuga ki cewa kin kayar da Malam ki nuna masa ba kya so, kuma kada labarin ya hau WhatsApp ko Facebook ta hannunki, domin abin da ya shiga can ba ya dawowa, kuma zai rufe ƙofar da kike ƙoƙarin buɗewa.

Batun maki yana buƙatar taka-tsantsan. Yana yiwuwa an rage miki, yana kuma yiwuwa damuwar da kike ciki ce ta taɓa karatunki a makon, kuma ba za ki sani ba sai kin ga takardar. Ki nemi ganinta cikin ladabi, a wata rana dabam ba ranar ban haƙuri ba, ki zauna da yayanki ku bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan kuskurenki ne, kin sami abin gyarawa. Idan kuwa amsa daidai aka soke, ki ajiye takardar, ki ga yadda gwaji na gaba zai kasance. In abin ya maimaitu, ko ya ƙi karɓar haƙurin ya ci gaba da share ki, sai ki kai maganar wurin malamin ajinku ko shugaban sashen kimiyya, da takardun a hannu, kina neman a sake duba maki, ba kina ƙarar mutum ba. Idan hakan bai yi ba, lokacin Baba ne ya je ya ga shugaban makaranta, kuma zuwan uba cikin mutunci yakan warware abin da ɗaliba ba za ta iya ba.

A jarrabawa kuwa ki rubuta daidai, a ko'ina. Manhajar fiziks ta raba taguwa gida biyu, wadda ke buƙatar abin da zai ɗauke ta kamar sauti, da ta lantarki da maganaɗisu wadda ke ratsa wurin da babu iska, kuma masu duba takardun WAEC da NECO ba malaminku ba ne, da tsarin amsar hukumar suke aiki. A gwajin makaranta ma ki yi amfani da kalmomin littafin da aka amince da shi, ki kawo misali guda tabbatacce, kamar hasken rana ko maganar da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka yi da duniya ta rediyo daga wata a 1969, inda saƙon ke ɗaukar kusan daƙiƙa 1.3 kafin ya iso. Amsar da ke da littafi a bayanta tana da wuyar sokewa, idan an soke ta kuma tana da sauƙin karewa.

Umma tausayinki take ji, ta ga kina dawowa gida ranki a ɓace tana neman hanya mafi kusa da za ta raba ki da abin. Ki gode mata, amma ki bayyana mata cewa ba a shiga karatun injiniya sai da fiziks a sakamakon sakandare da kuma a JAMB, don haka barin ɓangaren kimiyya barin burin ne gaba ɗaya, a kan saɓani da mutum guda wanda wataƙila baɗi ba shi zai koyar da ku ba. Ɓangaren adabi ba abin rainawa ba ne, amma a shige shi don ana sonsa. Ki roƙe ta ta ba ki zuwa ƙarshen wannan zango, ki kuma riƙa gaya mata yadda ake ciki, domin rashin sanin halin da kike ciki yana ƙara mata fargaba. A tsakanin nan kada ki jingina fiziks ɗinki ga aji kaɗai: ki haɗa ƙawaye biyu ko uku ku riƙa bin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ki sa yayanki ya riƙa duba aikinki idan yana gida, kuma idan akwai wani malamin kimiyya a makarantar da ke sakin fuska, ki kai masa tambayoyinki ba tare da kin ambaci abin da ya faru ba. A darasin Malam kuma ki ci gaba da zama a inda kika saba, ki yi aikin gida a kan lokaci, ki riƙa ɗaga hannu ko bai kira ki ba. Idan wata tambaya mai kama da waccan ta sake taso miki, ki rubuta ta a bayan littafinki ki kai masa bayan an tashi. Allah ya yi miki jagora, ya ba ki sa'a.